Masu haƙar zinare, tiramol ba ya maganin kewar gida

Da asubar fari aka kawo shi, mutum huɗu ne suka ɗauko shi a cikin bargo. Bakinsa duk jini don ya ciji harshe, wandonsa a jiƙe, ƙurar rami ta yi masa fari fat har gashin ido. Na tambayi waɗanda suka kawo shi ko yana da farfaɗiya tun daga gida, suka ce sam. Na ce to ya sha wani abu? Kowa ya sunkuyar da kai. Da na sa hannu a aljihun rigarsa sai ga abu biyu: katin tiramol mai lamba 225, saura ƙwaya uku a cikin goma, da hoton wata yarinya 'yar kimanin shekara biyu, an naɗe shi a leda don kada gumi ya ɓata shi.

Irin wannan aljihu na gani har na gaji. Na daɗe ina zagaya sansanonin masu haƙar zinare da akwatin magani, kuma wallahi a yanzu ruftawar rami ma ba ta kai ƙwayar nan tayar mini da hankali ba, domin ita rufta kowa yana tsoronta, ƙwaya kuwa da hannunku kuke kai ta baki.

Ƙannena, na san abin da kuke ciki, ba labari aka ba ni ba. Tun kafin rana ta fito ka ɗaura tocila a goshi, an zura ka da igiya cikin ramin da ko miƙewa tsaye ba ka iyawa. Ka wuni a durƙushe da diga da guduma, iska ba ta isa, kana shaƙar ƙura kana tari. A jawo buhunan dutse sama, a fasa, a niƙa, a wanke, wani lokaci a yi mako uku ba a ga abin da ya kai ƙwayar gero ba. In ma an samu, mai rami ya cire nasa, mai inji ya cire nasa, mai bin ka bashin abinci da ruwa yana tsaye yana jira. Ku kwana mutum takwas a rumfar leda ɗaya. Sabis kuwa sai ka hau kan dutse ka ɗaga waya sama, ka ji muryar mahaifiyarka tana yankewa, kafin ka gama gaishe ta kati ya ƙare. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta masu irin wannan sana'a sun haura miliyan 10 a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na zinaren da ake haƙowa daga hannunku yake fitowa. Ba ƙaramin aiki kuke yi ba, kuma ni ban taɓa raina ku ba.

Wani saurayi ya taɓa ce mini, "Likita, ni rana ba ta dame ni ba, dare ne matsalata." Ya ce da ya kwanta sai ya ji kamar ɗansa yana kuka a kusa da kunnensa, sai lissafi ya taso: wata nawa rabonsa da gida, me ya tura, me zai ce in ya koma hannu rabbana. To a nan ake kama ku. Da farko ƙwaya ɗaya ce da safe don ƙarfin aiki. Sai a ƙara ɗaya da rana don ciwon baya. Sai ta dare, wadda ba ta aiki ba ce, ta kashe tunani ce. Kafin wata uku mutum ba ya iya ɗaga shebur sai ya haɗiya.

Ku ji da kyau. Tiramol magani ne na asibiti, a Jamus aka fara sayar da shi a 1977 da sunan Tramal, don mai ciwo mai tsanani, irin wanda aka yi wa tiyata ko wanda ya karye. Wanda likita yake rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma babban mutum mai lafiyar ƙoda da hanta ba ya wuce 400 a wuni guda. Wanda ake sayar muku a bakin rami mai 225 ne ko 250. Ƙwaya biyu kacal, kun tsallake iyaka. Ku kuwa na ga mai shan biyar, na ga mai watsa su a shayi a zagaya da kofi kamar abin arziki. Haba! Kuma fa abin da ke cikin katin ma ba lallai ne tiramol ba. Tun da Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018, 'yan kasuwar suka sauya salo, suka koma haɗa wasu magunguna biyu, tapentadol da carisoprodol, a cikin kati mai kama da na da. Binciken BBC ne ya bankaɗo wannan a watan Fabrairun 2025, Indiya ta haramta haɗin. Ka ga ke nan kana haɗiyar abin da ko mai sayar maka bai san mene ne ba.

Kuna cewa tana ba da ƙarfi. Wane ƙarfi? Gajiyar tana nan, ciwon yana nan, ji ne kawai ka daina yi. Jiki yana ce maka ka fito ka sha ruwa ka huta, ka toshe masa baki. Sannan tana kawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, ba ta kuma yin sallama. Ta kama ka a kan tabarma, da sauƙi. Ta kama ka kana rataye a tsakiyar rami fa? Ko kai ne kake riƙe da igiyar wani? Wannan ne yake hana ni barci. Ran ɗan'uwanka yana hannunka, kai kuma idonka yana lumshewa. Kuma asibiti ba kusa yake ba. Waɗanda suka je Jado, can arewa maso gabashin Nijar, lokacin da zinare ya ɓulla a 2014, sun san ɗaruruwan kilomita na hamada ne tsakaninsu da Agadas. Yawancin wuraren haƙa haka suke, a nesa da komai. Wanda numfashinsa ya fara sauka a irin wannan wuri, kafin a samo mota an gama.

Ku kuma iyayen gida masu ramuka, da ku nake. Na san wasunku da hannunsu suke raba ƙwayar nan da safe tare da kayan aiki, a rubuta a littafin bashi. Ku ji tsoron Allah. 'Ya'yan mutane ne, amana ce a hannunku, ba jakuna ba ne.

Mutanen gida, ku ma ba ku fita ba. Yaro ya hau dutse ya sha wahala ya samu sabis, kalmar farko da zai ji ita ce "an samu kuwa?" Na sha ganin wanda ya daina kiran gida gaba ɗaya saboda kunya, kuma daga ranar da ya daina kira shan nasa yake ninkuwa. Baba, Inna, 'yar'uwata matar mai haƙa, ku fara da tambayar lafiyarsa. Ku miƙa wa yaran waya su yi masa surutu. Ku faɗa masa da bakinku cewa ko bai samo komai ba ƙofa a buɗe take, don yawancinsu ba su yarda da hakan ba sai sun ji.

Ga abin yi, a gurguje:

- Wanda bai fara ba, kada ya ɗanɗana, ko kyauta aka ba shi.
- Wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke dare ɗaya. Ya zo a tsara masa ragewa sannu a hankali. Zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su zo, za kuma su wuce.
- Kada a haɗa ta da giya, ko kodin, ko maganin barci. Wannan haɗin ne yake tsayar da numfashi.
- Wanda ya sha, ba shi ba shiga rami, ba shi ba riƙe igiya.
- In mutum ya faɗi yana jijjiga, a janye duwatsu da ƙarafa daga kusa da shi, a tallafe kansa da tufa. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa, ba a danne shi. In ta lafa a kwantar da shi a gefensa. In ta wuce minti 5, ko ta dawo, ko ya ƙi farkawa numfashi yana ja a hankali, a nemi mota nan take.
- Ciwon jiki: ruwa isasshe, hutu, parasitamol yadda aka rubuta.
- Ka tsayar da rana guda a mako ta kiran gida, da samu da rashi.

Shi wancan na cikin bargo sai da hantsi ya dawo hayyacinsa. Yana buɗe ido ya kai hannu aljihu. Na miƙa masa hoton, katin kuwa na riƙe. Na ce, "Ƙanena, yaushe rabonka da jin muryarta?" Ya ce wata biyu, ba shi da abin turawa, me zai ce musu. Na ba shi wayata muka hau tudu tare, na koma gefe na ba shi wuri. Ya fi minti goma yana magana, rabinta kuka ne. Yanzu makonsa na huɗu ke nan muna ragewa. Sau ɗaya ya zame, shi da kansa ya zo ya faɗa mini, muka ɗora daga inda muka tsaya. Na hana shi igiya har sai mun gama, yana wurin wankin ƙasa, kuma ranar zagayena mai zuwa zan fara da rumfarsu, don akwai mutum uku a ciki da har yanzu suke sunkuyar da kai in na shigo.