Tantance Kwasa-kwasai a Manyan Makarantu: Tambayoyin da Iyaye Ke Yi a Bauchi da Gombe

Wa ke da alhakin tabbatar da ingancin karatu a manyan makarantunmu?

Hukumomi uku ne na Gwamnatin Tarayya suka raba aikin. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda aka kafa a 1962, ita ce ke sa ido a kan jami'o'i irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Jami'ar Tarayya ta Kashere. NBTE na kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE kuma na kula da kwalejojin horar da malamai.

Idan gwamnati ta amince da jami'a, ba shi ke nan ba?

A'a, kuma a nan ne iyaye da yawa ke yin tuntuɓe, domin kowane kwas tantancewarsa daban take. NUC kan turo tawagar manyan malamai daga wasu jami'o'i, su duba yawan malaman sashe da zurfin karatunsu, su shiga ɗakunan gwaje-gwaje da laburare, har su buɗe takardun jarrabawar da aka riga aka yi wa maki. Kwas ɗin da ya cika sharuɗɗa yakan samu cikakkiyar amincewa ta shekara 5, wanda ya ɗan gaza a ba shi ta wucin gadi ta shekara 2, wanda ya faɗi kuwa a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a cikinsa.

Ziyarar tawagar ta wadatar?

A ganina ba ta wadatar ba. Na taɓa ganin wata makaranta da, ana saura mako guda baƙi su iso, aka shafe bango da sabon fenti, aka kwaso na'urori na aro a bayan mota, aka jera su a kan tebura; baƙin na juya baya aka mayar wa masu su. Ɗalibin da ya zo washegari allo da alli ya tarar. Shi ya sa nake ganin sashen tabbatar da inganci na cikin makarantar, wanda ke bibiyar ko malami ya shiga aji da yadda aka ba da maki a kowane zangon karatu, ya fi ziyarar kwana biyu tasiri, muddin shugabanni sun sakar masa mara.

Me uba zai yi kafin ɗansa ya cike fom ɗin JAMB?

Ya binciki matsayin kwas ɗin kansa a wurin hukumar da ke kula da makarantar. Idan likitanci ne ko injiniyanci, ya ƙara da tambayar ko hukumar kula da aikin likitanci ta MDCN ko ta injiniyanci ta COREN ta amince da shi.