Larurar ADHD ga Samari da 'Yan Mata

ADHD larura ce ta ginuwar ƙwaƙwalwa wadda ke wahalar da mutum wajen tsayar da hankali wuri guda, da kuma danne abin da zuciya ta raya masa nan take. A asibitocin Saudiyya ana kiranta fardul haraka wa tashattutul intibah. Tun 1902 wani likitan yara na Ingila, George Still, ya bayyana irin wannan hali. Littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya ƙiyasta tana damun kashi 5 cikin ɗari na yara da kashi 2.5 na manya. Gado ne babban musabbabinta, ba rashin tarbiyya ba. Matsalar tana ga yadda sinadaran dofamin da noradirenalin ke aiki a gaban ƙwaƙwalwa, sashen da ke tsara aiki da taka wa mutum birki.

Yadda take bayyana

Da mutum ya haura shekara 17, ƙiriniyar yarinta takan lafa, ta koma rashin sukuni a cikin rai. Amma a daidai nan ne abin ke tsananta, domin babu sauran uwa mai tashinsa da asuba ko malami mai bin sawun aikinsa. Ɗalibi zai buɗe littafi bayan isha, ya ɗaga waya don duba saƙo ɗaya, sai kiran assalatu ya ji. Wa'adin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya wuce bai ankara ba, tarar kyamarorin Sahir ta taru saboda gudu da latsa waya a kan tuƙi, albashi ya ƙare mako guda da shigowarsa. A gidajen Hausawan Makka da Jidda, inda katse babba cikin magana abin kunya ne, akan ɗauki garajensa a matsayin fitsara. 'Yan mata kuwa sau da yawa ba a gano tasu, don ba su da hayaniya, sai yawan mantuwa da tafiyar tunani.

Abin da ke rikita iyaye shi ne, wannan saurayin zai iya shafe sa'o'i a kan wasan kwamfuta ko gyaran mota ko ƙiftawa ba ya yi. Hankalin yana nan, juya shi zuwa aikin da ba ya ba shi sha'awa ne ke gagara.

Tantancewa da magani

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Ga wanda ya kai shekara 17, likita yana neman aƙalla alamomi 5 cikin 9 na shagala ko na garaje, waɗanda suka kai wata 6, suka fara kafin shekara 12, kuma ake ganinsu a wuri fiye da ɗaya. Dole ya tabbatar ba ƙarancin barci, damuwa, ciwon maƙoƙo ko shaye-shaye ne ke jawo alamomin ba.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne metilfenidet, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Ritalin da Concerta. Ritalin yakan yi aiki awa 3 zuwa 4, Concerta kuwa har awa 12, ana farawa da miligiram 18. Metilfenidet yana rage cin abinci, yana hana barci idan an sha da yamma, kuma ana auna bugun zuciya da hawan jini. Strattera, wani maganin daban, sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa. Da azumi, wanda ya sha a sahur ƙarfin maganin zai sauka da rana, saboda haka a tsara lokacin da likita tun cikin Sha'aban.

Metilfenidet yana ƙarƙashin tsauraran dokoki a Saudiyya. Mai shigowa da shi sai da takardar likita. Kaftagon, ƙwayar hana barci da wasu ke haɗiya lokacin jarrabawa, haramtacce ne, kuma na kasuwa gauraye ne da ba a san abin da ke ciki ba.

Magani kaɗai ba ya koyar da tsari. Abin da ke aiki shi ne fitar da tunatarwa daga kai: ƙararrawar waya kwana 30 kafin kowane wa'adi, karatu na minti 25 waya na wani ɗaki, jinkirta sayayya mai tsada zuwa washegari. Ana neman ganin likita ta manhajar Sehhaty ko layin 937, kuma ƙungiyar Ishraƙ da ke Riyad tana wayar da kan iyalai.