Ƙirgen kiɗa a waƙoƙin folk rock: amsa ga masu koyon gita da ganga

Tambayoyin nan a kan folk rock, wato kiɗan da ya haɗa salon waƙoƙin gargajiyar Turawa da na rock, su ne dai kullum ake dawo min da su. Don Allah a karanta kafin a sake turo su.

Mece ce ma'anar 4/4 da 3/4?

Lambar sama tana faɗin yawan bugun da ke cikin kowace gaɓa (wato kowane zagayen ƙirge kafin a koma ɗaya), ta ƙasa kuma tsawon sautin da ake ƙirgawa. Shi ke nan.

Shin 6/8 ya fi 4/4 sauri?

A'a. Lambobin nan babu ruwansu da sauri. Ku daina haɗa su.

Ta yaya zan bambance 3/4 da 6/8 da kunne?

To, wannan ita ce tambaya. A lissafi duk ɗaya ne, ƙananan sautuka shida a gaɓa. Bambancin yana wajen rabo. A 3/4 biyu-biyu ake raba su, nauyi ya faɗi sau uku. A 6/8 kuwa uku-uku ne, nauyi sau biyu, na ɗaya da na huɗu. Saurari “Scarborough Fair” na Simon da Garfunkel, za ka ji uku. Sannan ka saurari “House of the Rising Sun” yadda The Animals suka yi ta a 1964, ka bar ƙafarka ta bi kiɗan, za ka ga sau biyu take sauka a gaɓa.

Amma fa ba kullum abin yake fitowa fili haka ba. In waƙar 6/8 tana tafiya a hankali, kunne kan ji ta kamar gaɓa biyu na 3/4, har ka tarar littattafai biyu sun rubuta waƙa ɗaya da lambobi daban, kuma ba lalle ne a ce ɗaya ya yi kuskure ba. Ni makaɗin ganga nake fara saurara. In ƙaramar ganga na faɗowa a kan sauti na huɗu, galibi 6/8 ne. In babu ganga, a lura da inda mai gita yake sauya kamun yatsu, ko da yake wannan ma yakan yaudari mutum. Wani lokaci kuma gita na tafiya uku, ganga na tafiya biyu a lokaci guda. Kada hankalinka ya tashi, da gangan ne, kuma kunnen da ya tashi da jin kalangu ba baƙon wannan ba ne.

Me ya sa yawancin waƙoƙin folk rock 4/4 ne?

Gadon kiɗan rock ne. Tun da 'yan ƙungiyar The Byrds suka ɗauki waƙar Bob Dylan suka sa mata gitar lantarki da ganguna a 1965 a Amurka, bugu na biyu da na huɗu ya zama ginshiƙi. 'Yan Ingila ne suka fi kaucewa: 'yan ƙungiyar Fairport Convention, a faifansu na 1969, Liege & Lief, sun dasa ganga a ƙarƙashin kiɗan rawar gargajiya, har da na 6/8.

Mawaƙinmu yana ƙara bugu a ƙarshen baiti, in gyara masa?

Kul! Tsoffin waƙoƙin labari na Ingila da Sikotlan da baka zalla aka saba rera su, numfashi da kalmomi ne ke jan su. In baiti ya nemi ƙarin bugu biyu, ba shi. Masu ganga ne suka fi wannan laifi, su matse mawaƙi cikin huɗu-huɗu har labarin ya shaƙe. Ku zauna tare, ku yi alama a wuraren da yake ja, kowa ya haddace.

Akwai masu 5/4?

Akwai. “River Man” na Nick Drake da “Living in the Past” na Jethro Tull, duka 1969. Ƙirga uku, sannan biyu. Amma in har yanzu ƙafarka na ɓacewa a 3/4, ajiye wannan tukuna.