Yaushe Ake Yarda Da Hasashen Kwamfuta? Tambayoyi Da Amsoshi

Mene ne samfurin kwaikwayo na kwamfuta?

Lissafi ne da ake tsara wa kwamfuta don ta kwaikwayi abin da zai faru a zahiri: nauyin da gada za ta iya ɗauka, inda iska za ta kora hadari, yadda annoba za ta bazu. A zuba mata alƙaluma, ta fitar da amsa.

Ita ma kwamfuta tana kuskuren lissafi ne?

Da wuya. Abin da aka ba ta shi take sarrafawa, mai kyau ko maras kyau. A watan Satumban 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Wata manhaja tana fitar da alƙaluman ƙarfin turi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukar su a wani ma'auni dabam, wato niwton. Kowacce ta yi lissafinta daidai, amma kumbon ya yi ƙasa fiye da kima, shi ke nan.

To idan bayanan ba su da matsala fa?

Sai a tambaya: a wane irin yanayi aka gwada samfurin? A ganina wannan ce tambayar da aka fi tsallakewa, kuma ta ci rayuka.

Ranar 16 ga Janairun 2003, jim kaɗan da tashin kumbon Columbia na NASA, wani ɓallin sandararriyar kumfa mai kare zafi da ke lulluɓe da tankin mai ya ɓare ya bugi fiffikensa na hagu. Injiniyoyi suka ɗauko wata manhaja mai suna Crater don ƙiyasta ɓarnar. Ita kuwa Crater da ƙananan ɓaraguzai aka daidaita ta, ɓallin nan ya ninka su girma sau ɗaruruwa. Kamar dai a ɗauki sikelin maƙerin zinare a ce za a auna buhun masara. Abin takaicin ma, manhajar ta nuna ɓarna mai zurfi, sai aka ce ai an san ta da zuzutawa, aka rage wa amsar nauyi. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a samaniyar Texas yana dawowa, 'yan sama jannati bakwai suka rasu.

A watan Yulin shekarar ne masu bincike suka harba irin wannan kumfa a kan irin allon da ke gaban fiffiken. Ta huda rami mai faɗin kusan santimita 40.

Ta yaya masana ke tantance samfuri?

Mataki biyu ne, kuma ba a haɗa su. Na farko a tabbatar manhajar tana warware lissafin da aka rubuta mata ba tare da tuntuɓe ba. Na biyu, wanda ya fi wuya da tsada, a gwada amsarta da abin da aka auna a fili ko a ɗakin gwaji. Samfuri yana iya tsallake na farko lafiya lau ya faɗi warwas a na biyu. Bayan hatsarin Columbia, NASA ta fitar da ƙa'ida ta musamman a 2008, NASA-STD-7009, wadda ta haɗa har da bin asalin bayanan da aka shigar da bayyana iyakar shakkun da ke cikin sakamako.

Wanda ba injiniya ba fa, me zai duba?

Wa ya auno bayanan, yaushe, da wane ma'auni? An taɓa gwada hasashen samfurin da abin da ya riga ya faru? In an ɗan sauya lamba ɗaya, amsar tana tsayawa ko tana kifewa? Sannan a lura da yadda aka faɗi sakamakon. Hasashen damina da ya ce ruwa zai sauka tsakanin rana kaza da rana kaza ya fi abin dogaro a kan wanda ya tsayar da rana guda ya kafe.