Tsara shafin intanet: kyawawan hanyoyi da kurakuran da aka saba yi

Tsara shafin intanet shi ne aikin shirya yadda shafi zai kasance a ido da yadda zai yi aiki a hannun mai amfani da shi: inda rubutu zai zauna, girmansa, launuka, hotuna, maɓallai, da hanyar da mutum zai bi daga wannan shafi zuwa wancan. Harsunan kwamfuta uku ke ɗauke da aikin. HTML ke faɗin mene ne kowane abu, ko take ne, ko sakin layi, ko fom. CSS ke kula da kamanni. JavaScript kuma ke sa shafin ya amsa idan an taɓa shi. Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN, aka buɗe ta ga jama'a a 1991, kuma ƙungiyar W3C da aka kafa a 1994 ce ke fitar da ƙa'idoji da dama da ake bi har yau.

Ana gane kyakkyawan tsari ne da abu ɗaya: ko baƙo ya samu abin da ya zo nema ba tare da wahala ba. Yawancin kurakurai tushensu guda ne. Mai tsarawa yakan gwada aikinsa a babbar kwamfuta, da intanet mai sauri da lafiyayyun idanu, sai ya ɗauka haka kowa zai gani.

Nauyi da sauri

Shafin da ya ƙi buɗewa da wuri, ba wanda zai tsaya ya ga kyansa. Google na da ma'aunai uku da masu sana'ar ke yawan amfani da su. Babban abin da ke cikin shafi, hoto ne ko rubutu, ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Idan aka danna wani abu, shafin ya amsa kafin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya wuce. Sannan kayan shafin kada su riƙa zamewa daga wurinsu yayin da yake buɗewa, makin wannan zamewar kada ya haura 0.1.

Hotuna ne suka fi jawo nauyi. Kyamarar waya takan ɗauki hoto mai faɗin fiksel 4000, mai nauyin megabait da yawa, sai a ɗora shi yadda yake a gurbin da bai wuce fiksel 800 ba. Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, za ta sauke hoton gaba ɗayansa kafin ta rage shi, baƙo ya yi asarar data da lokaci a kan abin da idonsa ba zai ma gani ba. Gyaran ba wuya: a rage hoton zuwa girman da za a nuna shi, a matse shi, a ajiye shi a tsarin WebP ko AVIF, waɗanda galibi sun fi JPEG sauƙin nauyi. Hotunan da ke can ƙasan shafi a sa su jira sai mai karatu ya kusa isa gare su. Amma babban hoton sama kada a sa shi jira, domin shi ne abin da ake fara nema. Mutane da yawa sukan sa umarnin jira a kan dukkan hotuna, su rage wa shafin sauri da hannunsu.

Zamewar kayan shafi ma daga hotuna da tallace-tallace take fitowa. Idan ba a rubuta faɗi da tsawon hoto a cikin HTML ba, burauza ba ta san gurbin da za ta tanadar masa ba. Rubutu zai fara fitowa, mutum ya soma karatu, sai hoton ya iso ya tura komai ƙasa. A nan ne mutum yakan kai yatsa ga wani maɓalli ya danna wani daban.

JavaScript ya fi hoto tsada ko da nauyinsu ɗaya, saboda bayan an sauke shi sai wayar ta karanta shi ta aiwatar, kuma a ƙaramar waya wannan na iya daskarar da shafin. Duk wani ƙarin kayan waje, na ƙidayar baƙi ne ko na hira ko na talla, yana da nasa nauyin, don haka ya kamata a riƙa bibiya ana cire waɗanda ba a amfani da su.

Rubutu da launi

Girman rubutu na asali a burauzoci fiksel 16 ne, kuma bai kamata jikin rubutu ya gaza haka ba. Layi ɗaya ya ɗauki haruffa 45 zuwa 75. In ya fi haka tsawo, ido yakan ɓata wajen komawa farkon layi na gaba. Tazarar layuka ta kai kamar ninki ɗaya da rabi na girman harafi. Salon haruffa biyu sun isa, kuma a tabbatar salon da aka zaɓa yana da dukkan haruffan harshen da ake rubutawa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, a kuma ayyana UTF-8, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, a kan shafin, in ba haka ba wasu haruffa za su koma akwatuna ko alamomin tambaya.

Ƙa'idojin WCAG na W3C, na sauƙaƙa shafi ga masu buƙata ta musamman, waɗanda sigarsu ta 2.2 ta fito a 2023, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, ko 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana burge masu tsarawa, amma a cikin rana ko ga mai raunin gani ba ya karantuwa. Haka nan kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Wanda ba ya bambance ja da kore ba zai gane gurbin da ya yi kuskure ba sai an haɗa da rubutu ko alama.

Waya da masu buƙata ta musamman

A 2010 wani mai tsara shafuka, Ethan Marcotte, ya yaɗa hanyar tsara shafi ɗaya da ke daidaita kansa da kowane girman allo. Ya fi sauƙi a fara da ƙaramin allo sannan a faɗaɗa, domin ƙuncin wuri na tilasta a zaɓi abin da ya fi muhimmanci. Wurin dannawa kada ya gaza fiksel 24 a kowane gefe bisa WCAG 2.2, Apple kuwa 44 ya ba da shawara. Hana mutum ƙara girman shafi da yatsu babban kuskure ne. Haka ma jerin zaɓi da ba ya buɗewa sai an ɗora masa linzamin kwamfuta, tunda waya ba ta da linzami.

Makafi na amfani da manhajar da ke karanta allo da murya, ita kuwa da HTML take dogara. Kowane hoto mai ma'ana a rubuta masa taƙaitaccen bayani, taken sassan shafin kuma su bi tsari daga babba zuwa ƙarami. Mahaɗin da aka rubuta wa "danna nan" ba ya gaya wa kowa inda zai kai shi. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ajiye linzami a zagaya shafin da maɓallin Tab kaɗai, a ga ko ana isa ko'ina, kuma ko ana ganin inda aka tsaya. Sauti kada ya tashi da kansa, kuma kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa, domin yana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa.

Fom da dabarun yaudara

A fom, a tambayi abin da ake buƙata kawai. Sunan kowane gurbi ya zauna a samansa, ba a cikinsa ba, domin na ciki yakan ɓace da zarar an fara rubutu. Idan an yi kuskure, a faɗi wane gurbi ne da yadda za a gyara, kuma kada a goge abin da mutum ya riga ya cike. Duk shafi ya kamata ya bi ta HTTPS, hanyar da ke ɓoye bayanan da ake musaya tsakanin shafi da baƙo. Tun Yuli 2018 Chrome ke yi wa wanda ba shi da shi alamar rashin tsaro, ga kuma cibiyar Let's Encrypt na ba da takardar shaidar da HTTPS ke buƙata kyauta.

Akwai kuma munanan tsare-tsaren da ba kuskure ba ne, da gangan ake yin su. Wani masanin tsara shafuka, Harry Brignull, ya fara tattara irinsu a 2010. Daga ciki akwai akwatin amincewa da aka riga aka cike wa mutum, da kuɗin da ba ya bayyana sai a matakin ƙarshe na biya, da agogon ƙarya mai nuna rangwame zai ƙare, da rajistar da ake yi da danni ɗaya amma fita daga cikinta sai an bi shafuka da yawa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ba ta ɗaukar akwatin da aka riga aka cike a matsayin amincewa.