Me ya sa masu kutse suka fi bin wasu na'urori?

Ina ruwan furosesa da kutse?

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, kowace da harshen umarnin da take ji. Na Intel da AMD suna jin x86, wayoyin hannunmu kuwa, irin su Tecno da itel, ARM suke ji. Sau da yawa mai kutse yakan ɗura wa manhaja bayanai fiye da wurin da ta tanada, su malala, ya cusa nasa umarnin a ciki. Amma sai umarnin ya zo da harshen furosesar zai ci. Wanda aka rubuta don x86, in aka jefa wa ARM, iyakarsa manhajar ta tsaya cak. Tsutsar Morris ta 1988 ma, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, kaya biyu ta ɗauko, na kwamfutocin VAX da na Sun-3, don su kaɗai take iya hawa.

To yawan masu amfani fa?

Haɗa irin wannan makami aiki ne mai cin lokaci, kuma ɓarawo kasuwar da ta cika yake shiga. Shekara da shekaru Windows a kan x86 ce ta mamaye ofisoshi da gidaje, don haka ɓaraka ɗaya takan buɗe miliyoyin ƙofofi. Muguwar manhajar WannaCry ta Mayun 2017 ta ratsa ƙasashe sama da 150 ta gibi ɗaya a Windows, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya.

Ke nan na'urar da ba ta da yawa ta fi tsaro?

Nan mutane ke yaudarar kansu, kuma abin yana damuna. Rashin kai maka hari daban, ƙarfin katanga daban. Masu Mac sun daɗe suna bugun ƙirji, sai ga muguwar manhajar Flashback a 2012 ta kama kwamfutocinsu kusan 600,000 ta hanyar manhajar Java, wadda ba ruwanta da irin furosesa. Muguwar manhajar Mirai kuwa, a 2016, an haɗa ta don furosesoshin ARM da MIPS da x86 da wasunsu, ta tara kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet waɗanda ba a sauya musu kalmar sirrin kamfani ba.

Furosesar kanta tana iya zama matsalar?

Ƙwarai. A Janairun 2018 aka bayyana Meltdown da Spectre, dabarun kutse biyu masu cin gajiyar yadda furosesa ke hasashen aikin gaba don ta yi sauri. Meltdown ta fi shafar Intel, Spectre kuwa ba ta bar AMD da ARM ba, kuma gyaran ya rage wa wasu ayyuka gudu.