Tsohuwar mota a gaban alƙalai: me ake dubawa a gasar motocin tarihi?

A unguwannin Bauchi ba wuya ka leƙa gida ka tarar da Fijo 504 ko tsohuwar Marsandi a ƙarƙashin rumfa, tayoyi sun sace, ƙura ta lulluɓe ta, magada sun rasa yadda za su yi da ita. A wasu ƙasashe irin waɗannan motoci ake jerawa a fili, alƙalai su zagaya suna ba da maki. Ga amsoshin tambayoyin da masu sha'awar abin suka fi yi.

Shekara nawa mota za ta yi kafin a kira ta ta tarihi?

Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 don kula da tsofaffin ababen hawa a duniya, ta ce sai mota ta kai shekara 30, an adana ta a kan kamanninta na asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, wato AACA, wadda ta faro a 1935, tana karɓar mai shekara 25. Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, masana'antar Fijo ta Kaduna kuma ta buɗe a 1975. Ke nan wadda aka haɗa a Kaduna a shekarun 1980 ta cika sharaɗin shekaru. Amma in har yanzu tana lodin fasinja a tasha, a ma'aunin FIVA motar haya ce.

Duk tsofaffin motoci ma'auni ɗaya ake yi musu?

A'a, kuma nan ne gardama ta fi yawa. Kashi uku ne. Akwai 'yar asali, wadda fentinta da kujerunta da injinta duk na kamfani ne. Akwai wadda aka kwance aka sabunta don ta koma yadda ta fito. Sai wadda mai ita ya sauya wa fasali da gangan. Kowane kashi da tambayar da alƙali yake yi masa: me ya saura na asali, an dawo da ita daidai, ko kuwa aikin da aka yi ya yi kyau? Duk gasar da ta cakuɗa su wuri guda, mai sabon fenti ne zai ci, kuma an zalunci sauran.

Yaya ake lissafin makin?

Ba daga sifiri ake tarawa ba. Mota tana shiga fili da cikakken maki, sai a riƙa ragewa a kan kowane aibu. Gasa da yawa maki 100 suke amfani da shi. AACA kuwa 400 ne, ana duba jikin mota, cikinta, inji da ƙarƙashinta, kuma dole mai mota ya zo da tukunyar kashe gobara.

Za ka ga alƙali ya durƙusa ya sa ido a gefen bodi yana neman inda ƙarfe ya yi tudu da kwari. Yana duba tsagin da ke tsakanin ƙofa da bodi, ko faɗinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Yana leƙa gefen robar gilashi, domin nan ne feshin sabon fenti yake tona kansa. A manyan gasa mai mota ne ke buɗe bonet da ƙofofi da hannunsa, sannan a ce ya tayar da inji, ya kunna fitilu da sigina, ya danna ham. Motar da ta ƙi tashi, kyanta ba ya fisshe ta.

Ta yaya mota mai koɗaɗɗen fenti za ta doke wadda ke sheƙi?

Saboda sheƙi kuɗi ke saye, asali kuwa in ya tafi ya tafi. Mai fenti zai iya fesa mota sau goma, amma fentin da kamfani ya yi mata ba mai iya mayar da shi. Kujerar da fatarta ta tsattsage a gefen direba, da sitiyarin da hannu ya goge har ya yi santsi, su ne shaidar yadda aka ƙera motar da yadda ta rayu. Masu sabunta wasu motoci ma daga irin wannan suke koyon yadda abin yake tun farko.

Gasar Pebble Beach ta jihar Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950, ta daɗe tana ba motocin da aka sabunta babbar kyautarta. A 2024 aka ba wata Bugatti Type 59 ƙirar 1934, wadda Sarki Leopold na III na Beljiyam ya taɓa mallaka, da tabonta da komai. Karo na farko ke nan da motar rukunin 'yan asali ta ci wannan kyauta. Ni a ganina sun yi daidai, sun ma makara.

Mu a nan ba ma buƙatar dogon bayani. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, Allah ya jiƙansa, tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da hujin harsasai a jikinta. Wa zai yarda a kai ta gareji a cike hujin a fesa fenti?

Sai dai alƙalai suna bambanta tsufa da sakaci. Fenti ya dushe, tsufa ne. Tsatsa ta cinye ƙasan mota, ɓera ya yi sheƙa a kujera, mai yana ɗiga, wannan rashin kula ne, kuma ana rage maki.

To wadda aka sabunta fa, ina take faɗuwa?

A ƙananan abubuwa. Launin da kamfanin bai taɓa fesawa a wannan shekarar ba, kafiretar wata mota, rediyon zamani, yadin kujerar da ba irinsa ba. Ana duba lambar shasi da ta inji a ga ko injin da aka haife ta da shi ne. Akwai kuma wuce gona da iri: a goge ƙarfen da kamfani ya bari a dushe har ya riƙa ɗaukar ido, a garin neman gira a rasa ido. Abin da ake nema shi ne motar ta koma yadda ta bar masana'anta.

Abubuwa biyu sun shafe mu kai tsaye. Najeriya ta sauya hannun tuƙi a Afrilun 1972, don haka motar da aka shigo da ita kafin nan mai sitiyari a dama, haka asalinta yake, mayar da shi hagu sauyi ne. Na biyu, Fijon Kaduna da 'yan'uwanta na Kaduna ya kamata a auna ta. Wanda ya cika ta da kayan ƙirar Turai ya raba ta da tarihinta.

Na sa wa tawa injin Toyota da na'urar sanyi. Na fita daga gasa ke nan?

Ba ka fita ba, Alhaji, layi kawai ka sauya. Motocin da aka sauya suna da nasu manyan kyaututtuka, kamar Ridler da ake bayarwa a birnin Ditiroit tun 1964. A nan gwanintar hannu ake aunawa: walda ta kwanta lafiya, wayoyin da rewaya ya ja a tsare suke, injin ya zauna kamar don motar aka yi shi. Wanda ya ƙara ƙarfin inji ya bar tsohon burki, aikinsa bai cika ba. Makanikanmu sun daɗe suna irin wannan dabara don mota ta ci gaba da neman abinci, kuma sun cancanci a ba su filinsu. Abin da ba a yafewa shi ne ɓoye sauyi a shiga layin 'yan asali.

Na gaji motar mahaifina. Da me zan fara?

Kada ka kira mai fenti tukuna. Busasshen yanayinmu yakan bar ƙarfe da lafiya fiye da na garuruwan bakin teku, ranar ce ke fasa dashbod da robobi, don haka fara da mayar da ita inuwa. Wanke ta da hannu, ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare har da lambar shasi. Nemi takardunta a akwatin Baba: rasit, tsohon lasisi, littafin kamfani, hotunan da aka ɗauka a jikinta ranar Sallah. Kada a murza makulli sai an zubar da tsohon fetur, an sauya baƙin mai, an duba lagireto da burki. Duk abin da makanike ya cire, ko da ƙusa ce, a sa a kwali a rubuta daga inda ta fito. Bayan nan ne za ka zauna da wanda ya san irin motar, ku duba cikin kashi ukun wanne ya dace da ita.